Ruwan Jamus a Jana'izar Maame Pokuaa

Ni Ticha Adu-Gyamfi, na koyar da yara har gashin kaina ya yi fari, kuma ban taɓa ƙara gishiri a magana ba. Saboda haka idan na ce Akwasi Twumasi ya cuce ni, ya cuci mahaifiyata tana kabari, to a gyara zama a saurara.

Akwasi ɗalibina ne a aji huɗu. Tun a lokacin, kafin ka gama tambaya ya ɗaga hannu, kuma ban tuna ranar da ya ba da amsa daidai ba. Ya girma ya tafi Jamus, ya yi 'yan shekaru, ya dawo da sarƙa a wuya da wata tsohuwar motar yashe masai mai rubutun Jamusanci a jiki. Duk wanda ya dawo daga can Boga muke ce masa, shi ma sunan ya bi shi, amma shi ya fi son a ce Injiniya. Wai shi ke kula da magudanar ƙazantar birnin Hambog gaba ɗaya. Ɗan ƙanwata da ke can ya ce kwanuka yake wankewa a wani gidan abinci. To, wankin kwano ma sana'a ce.

Ni kuwa da na yi ritaya sai na haɗa hannu da Anti Dufie, wadda mijinta ya rasu ya bar mata sana'ar yashe masai, muka sayi mota ɗaya. Ta haka na shiga Ƙungiyar Masu Motocin Yashe Masai ta garinmu. Dattawan da suka kafa ta a ka suke riƙe da dokokinsu, ni na zauna da su na rubuta. Biyu daga ciki sun fi sauran nauyi. Ta farko, gidan da ake shirin jana'iza shi ake fara yashewa, ko da wasu sun riga shi kira. Ta biyu, ba a aiki ranar Asabar. Ko akuyar garin nan ta san dalili: Asabar ranar jana'iza ce, rumfuna sun tare tituna, kuma hukuma tana garƙame ƙofar wurin da muke zubar da kayan. In ka ɗebo, kai da shi sai Litinin.

Da wa'adin tsohon shugabanmu Opanin Kwarteng, wato Dattijo Kwarteng, ya ƙare, Boga ya tsaya takara ya ci, don shi kaɗai ya zo da lemo mai sanyi. A taronsa na farko ya miƙe, ya gyara sarƙa.

"'Yan uwa, kunya ta ishe ni. A Jamus in ka ce ruwan ƙazanta kake kula da shi, ɗan sanda sara maka yake yi. A nan kuwa yara na bin mu suna toshe hanci."

"Ai ba mu suke toshe wa hanci ba," in ji Anti Dufie. "Kayan iyayensu ne."

Bai ko kalle ta ba. Ya ce daga yau sunanmu Majalisar Injiniyoyin Ruwan Bayan Gida. Kowane direba zai sa farar kwat irin ta likita. Duk mai son a yashe masa masai waya ɗaya zai kira, wayar Ciyaman, shi zai tsara layi ya tura mota. Lambar shiga wurin zubarwa ma a hannunsa za ta zauna, wanda ya yi aiki ba da izininsa ba a ƙwace tasa. Sannan ya ce a soke dokokin nan biyu.

"Layi layi ne," in ji shi. "Mai rai da matacce duk ɗaya. Kuma cikin ɗan Adam bai san Asabar ba."

Opanin Kwarteng ya ɗaga sandarsa. "Ɗana, ƙofar wurin zubarwa ranar Asabar..."

"Opanin, da girmanka, zamanin bokiti ya wuce."

Na miƙe na ce, "Ciyaman, dokarmu ta ce ba a taɓa doka sai an sanar da kowa tun kafin ranar taro. Wa ka sanar?"

"Ticha, ba a aji muke ba."

"Da a aji muke, da yanzu kana durƙushe gaban allo."

Aka yi dariya, na ɗauka na gama da shi. Sai ga mata sun shigo da manyan farantan waakye, wato shinkafa da wake, da ƙwai, da ganda, bayansu kuma ga fararen kwat a leda, kowa da tasa kyauta. Aka kaɗa ƙuri'a bakin kowa cike da shinkafa. Ni da Anti Dufie da Opanin kaɗai muka ƙi. Ina so a rubuta cewa ban taɓa ƙwan nan ba.

Ranar Litinin direbobi suka fito fes da fararen kwat. Wata tsohuwa ta tare direba Atta a bakin kasuwa, ta ɗage zane ta nuna masa gwiwarta, wai Dakta ya duba mata. Kafin la'asar kwat ɗin ta koma launin miyar gyaɗa. Matar Atta ta ce ta amince da talauci da ciwo a gaban fasto, amma ba a yi da ita za ta wanke wannan ba.

Waya kuma ba ta bar Boga ya numfasa ba. Ranar Lahadi ana tsakiyar wa'azi ta yi ƙara, ya sunkuya tsakanin benci yana raɗa, amma raɗar Boga har bayan coci ake ji: "Ya cika ne kawai, ko har ya fara lekowa?" Fasto ya rufe Littafi ya jira shi ya gama.

Ba a yi nisa ba, yana nuna wa wani direba yadda Bajamushe ke leƙa rami, wayar ta sulale daga aljihun kwat ta faɗa. Masu gidan sun ce har yamma suna jin ta tana kuka daga ƙasa. Duk layin da ya tsara ya tafi tare da ita. Ya ce ba komai, yana nan a kansa. Washegari motoci biyu suka yi karo a ƙofar gidan mai sayar da magani, wanda aka riga aka yashe masa tun shekaranjiya. Matar gidan ta fito da muciya ta ce, "Me kuka manta a ciki?"

Ana cikin wannan hali mahaifiyata Maame Pokuaa ta rasu. Ta haura casa'in, ta goyi 'ya'yan jikokinta. Irin wannan rasuwa ba a sa mata baƙi ko ja. Fari ake sawa, a yi kiɗa, a yi rawa, a gode wa Allah. Dangi suka zauna suka tsayar da Asabar. Ni ne babban ɗa, kuma na daɗe ina jiran in nuna wa Wofa Agyekum, kawun matata na Mampong, wanda ya taɓa cewa a gaban mutane wai gidan ticha ko jana'izar kaza ba za su iya ba.

Matsala ɗaya ce. Masan gidanmu na gado ya kusa baki, ga baƙi za su zo mota mota. A tsohuwar doka, tun ranar Alhamis da an gama. Motarmu tana wurin makanike an sauke mata inji. Na bi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, kowa ya yi mini ta'aziyya, kowa ya ce yana tsoron a ƙwace lambarsa. Dole na je wurin Boga.

"Ticha, kana kan layi."

"Na nawa ne a layin?"

Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Yana nan."

"Akwasi, na san kan nan. Shekara guda na yi ina dubawa ban sami komai a ciki ba."

"Kwantar da hankalinka, Ticha. Ni da kaina zan zo, da motar Jamus. Ranar Asabar."

"Ranar Asabar ake jana'izar!"

"Shi ya sa. Ina za a sami jama'a irin wannan su ga aikin zamani? Kafin mai ƙaho ya gama busa waƙa ɗaya na gama na tafi."

Na ce kada ya zo. Na faɗa masa da yarenmu na Twi, na faɗa masa da Turanci. Na ce ya zo Juma'a ko ya bari sai Litinin, mu mu lallaba. Ya ce ya ji.

Ranar Asabar da safe muka binne Maame lafiya lau. Da rana aka zauna a rumfuna, tun daga ƙofar gida har bakin titi, fari ƙal ko'ina kamar an shanya auduga. 'Yan badujala suna busa, mata suna rawa da farin hankici. 'Yan ƙungiyarmu duk sun zo kamar yadda aka saba, da zanen jana'iza, ba kwat ba. Wofa Agyekum yana zaune a gaba da farin saƙaƙƙen zanen kente mai ratsin shuɗi, ya ci fufu kwano biyu, ya dubi rumfunan ya ce da ni, "Suruki, ba laifi." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce. Na ji hawaye sun cika mini ido.

Sai muka ji ham ɗin mota.

Motar Jamus ce ta kunno kai layin, Boga a sitiyari da sabuwar kwat, yana ɗaga wa mutane hannu su janye kujeru. Anti Dufie ta kama mini gefen zane.

"Ticha, dubi tayar baya. Motar nan cike take."

Daga baya muka ji yadda aka yi. Tun da sassafe ya yashe gidaje don ya nuna cewa ana aiki ranar Asabar, ya tafi wurin zubarwa, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya yi wa maigadi Jamusanci har ya gaji, maigadi ya ci gaba da cin rogonsa. Maimakon ya koma gida da abinsa, sai ya ce ai alkawari alkawari ne.

Ya sauko da safar roba har gwiwar hannu. Ya tuna al'ada, ya fara bin dattawa daga dama zuwa hagu zai gaisa. Ban taɓa ganin dattawa sun shiga neman hankici a lokaci ɗaya kamar ranar ba. Da ya ga ba mai miƙo hannu, sai ya karɓe lasifika daga hannun mai sanarwa.

"Jama'a, a madadin Majalisar Injiniyoyi, ina yi wa Ticha ta'aziyya. Kowa ya ci ya sha hankali kwance, Injiniya ya iso."

Na tare shi. "Akwasi, fita da motar nan."

"Ticha, kai mai makoki ne, zauna a yi maka hidima."

"Tankinka a cike yake, kai!" in ji Anti Dufie. "Ina za ka zuba namu? A aljihun kwat?"

"Anti, ki tsaya a kan abin da kika sani."

Ya ja mesa ta tsakar gida, ta gefen tukwanen miya, har bayan masai, ya buɗe murfin ramin ya zura ta. Ya tayar da inji. Inji ya yi gurnani, mesa ta yi ɗan motsi ta kwanta. Ba ta zuƙi komai ba, don ba inda za ta kai shi. Jama'a sun fara leƙe, wasu sun hau kujera. Boga ya dubi taron, ya yi murmushi, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙaramin abu ne. A Jamus in tanki ya cika iska ake tura masa, kayan su danne, wuri ya samu."

A gefen motar akwai wani jan mariƙi. Shi ke juya injin daga zuƙa zuwa turawa, kuma ba a taɓa shi sai a wurin zubarwa. Opanin Kwarteng ya miƙe yana ihu, Anti Dufie ta cire takalmi ta ruga. Boga ya kama mariƙin da hannu biyu, ya ja. Bakin mesa kuwa a buɗe, tana cikin raminmu.

Da farko ƙasa ce ta yi wani irin ruri a ƙarƙashin ƙafafunmu. Ban san Wofa Agyekum ya zagaya ba sai da na ga ƙyauren masai ya buɗe da ƙarfi, ya fito a guje, kente a hannu, takalmi ɗaya a ƙafa, yana kiran sunan uwarsa da ta rasu tun kafin a haife ni. Mutumin da sai an riƙe shi yake hawa mota, ranar ya tsallake benci.

Sannan bututun iska da ke kan rufin masai ya yi tari sau ɗaya, ya feso sama, ya wuce tsawon bishiyar lemo. Iska kuwa wajen rumfuna take kaɗawa.

Ba zan kwatanta ba. Ni ticha ne, ina da iyaka. Abin da zan ce kawai, fari fari ne, kuma ba ya rufa asiri. Mata suka watse da ihu, kujeru suka kife, mai fufu ta kifa kwando a kan tukunya ta zauna a kai. Mai ƙaho shi kaɗai ya ci gaba da busa, don idonsa a rufe yake, har sai da ya ja numfashi.

Boga ya ce, "Ba komai! Toshewa ce!" Ya ruga ya fizgo mesar daga rami don ya ga abin da ya toshe ta. Mesa ta ƙwace daga hannunsa, ta yi ta bulala a tsakar gida kamar maciji ya taka wuta, ta bi shi dama ta bi shi hagu, ta same shi sosai a ƙirji ta zaunar da shi cikin kwatami. Anti Dufie ta haye mota ta zare makulli.

Sai wata tsohuwa ƙawar Maame, da ke zaune a inda take don ƙafarta ba ta gudu, ta goge tabarau da gefen zanenta, ta dubi sama, ta ce, "To wannan shi ne ruwan Jamus ɗin?"

Opanin Kwarteng ya buga sanda ya ce 'yan ƙungiya su taru a gindin mangwaro, ta inda iska ke fitowa. Direba Atta ya ce a mayar da tsohuwar doka yanzu yanzu. Wani ya ce ai ba a sanar da kowa ba tun kafin taro. Duk suka juyo suka dube ni.

Na ce, "Gaskiya ne, ba a gyara doka sai da sanarwa. Shi ya sa gyaran Akwasi bai taɓa zama doka ba. Waakye kuka ci kawai. Tsohuwar doka tana nan inda take."

Aka ɗaga hannu duk da haka, don a huce. Ba wanda ya ƙi. Boga ya taso yana ɗiga, sarƙa ta manne a wuya, ya tsaya nesa kaɗan don an nuna masa inda zai tsaya.

"To shi ke nan, na yarda. Atta, kawo motarka mu kwashe na tsakar gidan."

"Injiniya," in ji Anti Dufie, "yau wace rana?"

"Asabar."

"Ba a aiki."

Ta miƙa masa bokiti da tsintsiya. Opanin ya ce, "Ɗana, ashe zamaninsa bai wuce ba."

Muka kwashe sauran jana'izar muka kai filin makaranta. Maƙwabta suka buɗe akwatuna suka ba baƙi aron zane, kowa da launin da ya samu. Jana'izar da na shirya fara ƙal, a ja da kore da ruwan ɗorawa ta ƙare. Wofa Agyekum ya koma Mampong cikin rigar 'yan ƙwallo ta ɗan maƙwabcinmu, har yau in na gaishe shi sai ya dubi sama tukuna. Kada in yi ƙarya, an yi rawa a filin nan fiye da yadda aka yi a rumfa, kuma ƙanwata ta ce da Maame na nan da ita za ta fi kowa dariya. Wannan ra'ayin ƙanwata ne.

Boga ya aiko dattijo da tunkiya da kwalbar giya a ba dangi haƙuri, kamar yadda ake yi. Dangi sun karɓa, sun ci tunkiyar. Ni ban ce na haƙura ba. Don ina da labarin yana zama a wurin masu shan giyar kwakwa yana cewa gwaji ya yi, wai ƙarfin injin Jamus ne ya fi ƙarfin masan Afirka.

Ga abin da nake nema, kuma na kai shi gaban ƙungiya. Cikar shekara ta Maame na tafe. Akwasi zai zo ranar Alhamis, da tanki wayam, Anti Dufie na riƙe da makulli, a ɗaure jan mariƙin nan da igiya. Ranar Asabar kuma zai zo da ƙafa, da farin zane irin na mutane, ya karɓi lasifikar da ya iya ƙwacewa, ya faɗi sunan wadda aka taru dominta, da ƙarfi, har a ji a bakin titi.

Wasu na cewa na cika tsanani, wai abu ya wuce. Bai wuce ba. Makon jiya na tari tasi daga tasha na ce a kai ni gidan Maame Pokuaa. Matar da ta yi shekara da shekaru tana sayar da kenke, tuwon masarar nan namu, a layin nan, rabin garin da abincinta suka girma. Direban ya ce bai san wurin ba. Na kwatanta masa coci, na kwatanta masa bishiyar lemo, yana ta girgiza kai. Can sai fuskarsa ta washe.

"Au, Papa, layin Ruwan Jamus? Ai sai ka ce haka tun farko!"

Na ce ya tsaya. Na sauka na ƙarasa da ƙafa. Sunanta Maame Pokuaa, kuma wanda ya goge shi daga layin nan shi zai mayar da shi.